Iyo da Keke Kafin Gudu: Shirin Tirayatalon ga Mai Jinyar Gwiwa

Idan gwiwar ɗan ƙwallo ta samu matsala, zama ya kama shi ke nan, sai kallo daga benci. Haka ma mai gudun dogon zango. Shi kuwa ɗan tirayatalon, wato gasar da ake haɗa iyo da tseren keke da gudu a yi su a jere ba hutu, yana da wata sa'a da waɗancan ba su da ita: biyu daga cikin wasanninsa uku ba sa dukan gwiwa. Zai iya shafe watanni yana jinya, amma yana shiga ruwa, yana murza feda, numfashinsa bai ragu ba. To, a cikin wannan sa'ar haɗarin yake. Zuciya da huhu suna saurin karɓar horo, cikin 'yan makonni za ka ji canji. Jijiya da guringuntsi kuwa jini kaɗan ke isa gare su, shi ya sa warkewarsu da ƙarfafarsu aikin watanni ne. Wanda ya yi wata biyu yana iyo da keke, ranar da ya fita gudu haki ba zai tsayar da shi ba. Zai ji kamar ya zarce har kilomita goma, kuma da yawa sukan zarce ɗin. Sabon inji ne a kan suɗaɗɗiyar taya. Washegari gwiwa ta kumbura, a koma gidan jiya. Saboda haka izinin ƙara aiki a wurin gwiwa ake karɓarsa, kuma da safe take bayarwa.

Ita gasar ba tsohuwa ba ce. A San Diyego ta Amurka aka fara ta a siffarta ta yau cikin 1974, a 1978 aka yi doguwarta mai suna Ironman karo na farko a Hawai da mutum 15, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni cikin 2000. Tsayinta hawa-hawa ne. Gajeriyar ita ce iyon mita 750, keken kilomita 20, gudun kilomita 5. Ta Olamfik ta ninka wannan: iyon kilomita 1.5, keken 40, gudun 10. Sai rabin Ironman mai iyon kilomita 1.9, keken 90, gudun 21.1, sannan cikakken mai iyon kilomita 3.8, keken 180 da gudun 42.2. Mai jinya ya dubi lambar ƙarshe a kowane jeri, domin ita ce gwiwarsa za ta biya.

A san abin da ya lalace tukuna

"Gwiwa ke damuna" ba sunan ciwo ba ne. Akwai ciwon gaban gwiwa, a kewayen ƙoƙo, wanda ke tashi wajen saukowa daga bene ko bayan dogon zama a mota. Akwai na gefen waje, mai kama masu gudu da masu keke bayan sun ɗan yi nisa, ya lafa da sun tsaya. Akwai na jijiyar da ke ƙasan ƙoƙo. Waɗannan ukun yawan aiki ne ke kawo su, kuma galibi ba sa buƙatar wuƙa. Sai kuma na tsautsayi: yagewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, wanda likitoci ke kira meniskus, ko saɓuwar jijiyar gefen ciki, ko tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa mai suna ACL. Kowanne da dokarsa. Wanda aka yanke masa ɗan yagaggen gefen meniskus yana iya hawa keke cikin 'yan makonni. Wanda aka ɗinke masa shi kuwa, likita yakan hana shi lanƙwasa gwiwa fiye da digiri 90 na wasu makonni, ya hana shi tsugunno na watanni. Suna ɗaya, wuri ɗaya, amma jinya daban. Shi ya sa shawarar abokin da ya ce "ni ma na yi irin naka" ba ta da wani amfani sai an san aikin da aka yi masa.

Mu a nan, da an ji ciwo a gaɓa sai a nufi mai ɗori. Ban raina musu ba a kan abin da suka iya, amma tsinkakkiyar jijiyar da ke can cikin gwiwa ba a ganinta da ido, hoton ƙashi ma ba ya nuna ta, kuma ja da murza ba sa haɗa ta. Likitan ƙashi ne zai gwada da hannu, in ta kama ya tura a yi hoton MRI. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa na jami'o'i suna da likitocin ƙashi da sashen fisiyo, wato masu jinyar gaɓoɓi ta hanyar atisaye. Idan gwiwa tana cijewa ta ƙi miƙewa, ko tana sakinka kana cikin tafiya, ko ta cika da kumburi cikin 'yan sa'o'i bayan faɗuwa, ajiye maganar atisaye ka je a duba ka. Bayan tiyata kuma, zazzaɓi tare da gwiwa mai zafi da ja, ko ruwa yana fita daga ɗinki, ko sharaɓa ta kumbura tana ciwo, duk na gaggawa ne. Na ƙarshen nan yana iya zama gudan jini a jijiya, kuma yana kisa in ya tafi huhu.

Wani abu da littattafan Turawa ba sa kawowa: gwiwar Bahaushe tana lanƙwasuwa har ƙarshe sau da yawa a yini, a zaman tahiya, a kan tabarma, a banɗakin tsugunno. Mutum zai bi dokar likita a wurin motsa jiki, ya karya ta a gida bai sani ba. Shari'a ta yi sauƙi ga mara lafiya ya yi salla a zaune, hadisin Imrana bin Husaini sananne ne a kan haka. Ka tambayi likitanka kai tsaye yaushe za ka koma sujada da zaman tahiya, ka nemi kujera kafin lokacin.

Binciken safe

Kullum da ka tashi, kafin ka yi wani aiki, zauna a gado ka miƙe ƙafafu biyu, ka saki cinya. Sa tafin hannu a gefen ciki na gwiwar, ƙasa da ƙoƙo kaɗan, ka shafo sama zuwa cinya sau biyu ko uku, kamar kana kora wani abu. Sannan ka ɗora hannu a gefen waje daga sama, ka shafo ƙasa sau ɗaya, idonka na kan ɗan ramin nan da ke gefen ciki kusa da ƙoƙo. In akwai ruwa a gwiwar, za ka ga ramin ya ciko, wani ɗan tudu ya taso a hankali. Yi wa lafiyayyar ƙafar haka don ka ga bambanci. Masu fisiyo da wannan gwajin suke aiki, kuma ba ya cin minti ɗaya.

Kumburi ya fi zafi faɗin gaskiya. Zafi yana raguwa idan jiki ya ɗumama, yana ɓuya idan mutum na cikin nishaɗi, amma ruwan da ya taru bayan aikin jiya ba ya ɓuya. Kuma ba alama ce kawai ba: ko ruwa kaɗan ne a cikin gaɓar, yana sa tsokar gaban cinya ta ƙi kamawa yadda ya kamata, ka matse ta amma ta ƙi amsawa. Shi ya sa cinyar mai ciwon gwiwa take ramewa da sauri haka.

Game da zafin, auna shi daga sifili zuwa goma. Lokacin atisaye, biyu ko uku ba laifi, muddin bai sa ka ɗingishi ba, kuma ya koma yadda yake kafin safiyar gobe. In ka wayi gari ya fi na jiya, ko kumburi ya ƙaru, aikin jiya ya yi yawa. Ba sai ka daina komai ba. Koma matakin da ka baro, ka yi kwana biyu ko uku a kansa. Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka yi da abin da ka gani da safe, layi biyu sun isa. Ranar da abu ya ɓaci, a nan za ka gano musabbabi, kuma sau da yawa ba atisayen ba ne, yinin da aka yi a tsaye wajen biki ne ko yawon kasuwa.

Cinya

Wasanni uku ake gasa a kansu, amma mai jinya huɗu yake yi, kuma na huɗun ne ba a fashinsa. In lokaci ya ƙure a mako, a bar iyo, kada a bar ƙarfafa cinya. Iyo ba ya mayar da tsokar da ta rame. Keke yana taimakawa kaɗan, amma lafiyayyar ƙafa takan sace aikin ba ka sani ba.

Ana farawa da abu biyu: gwiwa ta miƙe sarai daidai da 'yar'uwarta, kuma cinya ta kama. Kwanta, ka danna bayan gwiwa a katifa, ka matse cinya daƙiƙa biyar zuwa goma, ka saki. Daga nan sai ɗaga miƙaƙƙiyar ƙafa ba tare da gwiwar ta ɗan karye ba. Bayan wannan sai zama da tashi daga kujera, hawa ɗan mataki, jingina da bango a rabin tsugunno, sannan injin tura nauyi da ƙafa ɗaya, da saukowa daga mataki a hankali. Kada a manta da tsokar ɗuwawu da ta gefen ƙugu, su ke hana gwiwa faɗawa ciki idan an taka, da kuma sharaɓa. Sau biyu zuwa uku a mako, da nauyin da zai sa biyun ƙarshe su yi wuya. Yawancin masu jinya suna tsayawa a kan 'yar robar ja har wata shida, suna mamakin abin da ya sa gwiwa ba ta da ƙarfi. Roba ta farko ce kawai, tsoka nauyi take so.

Tsaya gaban madubi ka sauko daga mataki da ƙafa ɗaya. In ƙoƙon gwiwa ya karkata ciki ya bar saitin yatsa na biyu, ko ƙugu ya zube gefe guda, ba ka kai gudu ba tukuna, ko da kuwa ba ka jin zafi.

Abinci kuma kada a rage shi da sunan tsoron ƙiba. Jiki mai gyara yana buƙatar ƙwai, wake, kifi, nama da nono a kowane cin abinci.

Ruwa

Ba a shiga ruwa sai an cire zare, ciwon ya rufe sarai, likita ya ce to. Da ka samu izini, ruwa ne wuri mafi sauƙi. In ya kai maka ƙugu, kusan rabin nauyinka kawai ƙafa ke ɗauka. In ya kai ƙirji, kusan kashi ɗaya cikin uku. A wuya kuwa, wajen kashi ɗaya cikin goma. Fara da tafiya a cikinsa, gaba da baya da gefe.

Wajen iyon, matse robar nan mai taso da ƙafa a tsakanin cinyoyi ka yi aiki da hannu kawai. Daga baya ka saki ƙafa tana kaɗawa a hankali daga ƙugu. Iyon kwaɗo shi ne na ƙarshen dawowa, domin shurinsa yana buɗe gwiwa yana murɗa ta, kuma gefen ciki yake ci, daidai inda mai ciwon meniskus ko jijiyar ciki ba ya so. Faffaɗan takalmin iyo ma a jinkirta shi. Abin da ya fi kama mutane shi ne bango: mutum ya yi iyonsa lafiya, ya zo juyawa ya dunƙule ya tunkuɗa da ƙarfi. Taɓa bango da hannu, ka juya a hankali, ka tura da lafiyayyar ƙafa.

Ga ɗan tirayatalon da yawanci iyo ne rauninsa, wannan lokacin riba ne. Nemi mai koyarwa ya gyara maka shigar hannu da numfashi. Akwai kuma gudu a ruwa mai zurfi, da bel mai hana nutsewa a ƙugu, ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Yana da gundura ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba, amma an gwada shi a kan 'yan gudu an ga yana riƙe musu ƙarfin numfashi na makonni huɗu zuwa shida. Yi shi a gutsure, minti biyu da ƙarfi, ɗaya a hankali.

Wurin iyo mai magani na otal ko na filin wasa nake nufi. Dam da kududdufi da rafi a ƙasashenmu suna ɗauke da tsargiya, kuma ta fata take shiga.

Keke

A nan za a daɗe, domin keke shi ne maganin gwiwa idan an daidaita shi, shi ne kuma mai tayar da ciwo idan ba a daidaita ba. Wani likita mai suna Darryl D'Lima da abokan aikinsa a asibitin Scripps na Kalifoniya sun sa na'urar awo a cikin gwiwar roba da aka dasa wa wasu marasa lafiya, suka auna nauyin da ke sauka a kanta. A keken tsaye, ɗan sama da nauyin jiki sau ɗaya ne. A tafiya, wajen sau biyu zuwa biyu da rabi. A sassarfa, kusan sau huɗu. Dattawa ne masu gwiwar roba, amma jerin ya nuna abin da ya sa ake fara keke tun kafin a yi maganar gudu.

Da keken tsaye ake farawa, ba na titi ba. Kafin feda ta zagaya sosai, sai gwiwa tana lanƙwasuwa zuwa wajen digiri 105 ko 110. In ba ta kai ba, ɗaga sirdi sama, ka cire nauyin fedar gaba ɗaya, ka riƙa lilo da fedar: gaba har inda ta tsaya, ka ɗan riƙe, baya har inda ta tsaya. Minti biyar zuwa goma. Wata rana za ka ji ta wuce ta saman da kanta, kuma galibi ta baya take fara zagayawa. Kada ka ɗaga ƙugu don ka taimaka mata, yaudarar kai ce.

Sai tsayin sirdi. Zauna daidai, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Da ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, tsakanin digiri 25 da 35, abin da ake nema ke nan. Akwai kuma lissafin da ake jingina wa Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France sau uku: auna daga matsematsi zuwa ƙasa ba takalmi, ka ninka da 0.883. Mai santimita 84 zai samu wajen 74, daga tsakiyar inda hannun feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Mafari ne wannan, jiki ne zai ƙarasa gyaran. Ciwo a gaban gwiwa yawanci yana nufin sirdi ya yi ƙasa ko ya matso gaba da yawa. Ciwo a baya ko a gefen waje yakan nuna ya yi sama. Gyara da milimita uku zuwa biyar, ka yi kwanaki a kai kafin ka sake taɓawa, kuma ka sa alama da tef a sandar sirdi don kada mai gyara ya sauya maka. Milimita biyar kamar ba komai ba, amma mai juya feda sau 90 a minti yana lanƙwasa gwiwa sau 5,400 a awa guda.

Giya mai sauƙi, juyi mai yawa. Tsakanin 85 da 95 a minti ake so. Mu da muka taso da keken Raleigh da Phoenix mai giya ɗaya mun saba da dannawa da ƙarfi a hankali, har muna ganin shi ne jarumta. Wannan dannawar ce ke matse ƙoƙon gwiwa. Tudu da miƙewa tsaye a kan feda su jira. Kwanciyar nan a kan kan keke da 'yan tirayatalon ke yi don yanka iska ita ma ta jira, domin tana tura mutum gaban sirdi. Mai takalmin da ke maƙalewa a feda ya sassauta shi yadda dunduniya za ta iya ɗan motsi gefe da gefe, ko ma ya koma feda ta kowa na ɗan lokaci, saboda cire ƙafa daga maƙalin murɗawa ce. In gwiwa ta ƙi son lanƙwasar saman juyi, gajeren hannun feda, misali milimita 165 maimakon 172.5, yana rage ta.

Titi sai lokacin da za ka iya dira ƙafar mai ciwo da sauri ba tare da tunani ba, domin ɗan acaba ko akuya ba za su tambaye ka wace ƙafa ce mai lafiya ba.

Kada tsoron rasa ƙarfi ya sa ka cika awoyi. Robert Hickson na Jami'ar Ilinoi a Cikago ya nuna a farkon shekarun 1980 cewa mutanen da suka rage atisaye daga kwana shida a mako zuwa biyu sun riƙe ƙarfin numfashinsu har mako 15, muddin ba su rage zafin aikin ba. Ke nan 'yan gajerun zama masu zafi a ruwa, da a keke idan gwiwa ta amince, sun wadatar.

Gudu

Ga abin da za ka iya kafin taku na farko: tafiya mai sauri ta minti 30 ba ɗingishi, ba kumburi washegari, gwiwa tana miƙewa sarai, saukowa daga mataki da ƙafa ɗaya sau goma a natse, 'yan tsalle-tsalle a wuri ɗaya ba zafi. Inda ake da na'urar awo, masu fisiyo sukan so ƙarfin cinyar mai ciwo ya kai aƙalla kashi 70 cikin ɗari na lafiyayyar kafin sassarfa, kashi 90 kafin gasa. Bayan tiyatar ACL, da wuya a yarda da gudu kafin wajen mako 12, kuma wannan mafi kusa ke nan, ba alkawari ba ne. Wani binciken haɗin gwiwa tsakanin Delawaya ta Amurka da Oslo ta Nowe, wanda Hege Grindem ta jagoranci wallafa shi a 2016, ya gano cewa duk watan da aka jinkirta komawa wasa, har zuwa na tara, haɗarin sake jin ciwo yana raguwa da kusan rabi. Masu wasannin juyi da birki irin su ƙwallo aka bincika. Tirayatalon miƙe ake yi, amma fitowa daga ruwa a kan yashi ko santsi, da dirowa daga keke da gudu, su ma juyi ne.

Farawar tana da ban haushi ga wanda ya saba. Sassarfa minti ɗaya, tafiya minti huɗu, sau biyar. Gobe hutu, a duba gwiwa. In an yi haka sau biyu ko uku lafiya, a koma biyu da uku, sannan uku da biyu, huɗu da ɗaya, har a kai minti 20 zuwa 30 a haɗe. Ba a gudu kwana biyu a jere. Wuri mai laushi kuma shimfiɗaɗɗe, kamar filin makaranta ko na'urar gudu. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, ita ce ta ƙarshe. Kuma abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko nisa ko sauri. Mai gudun kilomita goma cikin awa guda yana taku kusan dubu goma, kowanne da nauyinsa, saboda haka nisan ma kaɗai ya isa kaya.

Dabara ɗaya da ta tabbata ita ce gajarta taku. Bryan Heiderscheit na Jami'ar Wiskonsin ya nuna a 2011 cewa ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ba tare da ƙara sauri ba, yana rage nauyin da ke sauka a gwiwa. Ƙirga takunka na minti ɗaya. In 160 ne, nemi 168. Ƙafa za ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jiki maimakon can gaba, kuma za ka ji ƙarar takun ta ragu.

'Yan'uwa za su ce maka gudu ne ke cinye gwiwa, ka haƙura. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya samu amosanin gwiwa ko ƙugu a kashi 3.5 cikin ɗari na masu gudun nishaɗi, 10.2 na marasa motsi, 13.3 na manyan 'yan gasa. Gudu daidai wa daida bai zama abin tsoro ba. Sai dai wanda ya taɓa tsinka ACL ko aka yanke masa meniskus yana da ƙarin haɗarin amosani ko da bai yi gudu ba, kuma cinya mai ƙarfi da nauyin jiki madaidaici su ne abin da ke hannunsa.

Haɗawa, da zaɓen gasa

Mako mai kyau a tsakiyar jinya yana iya zama haka: ɗaga nauyi sau biyu ko uku, iyo sau uku, keke sau uku, sassarfa sau biyu ko uku a ranakun da ba sa jere, da yini guda na cikakken hutu. Kada ranar nauyi mai tsanani ta zo daf da ranar gudu. Gudu kai tsaye bayan sauka daga keke, wanda shi ne ainihin wahalar wannan gasa, sai an kai minti 30 a haɗe lafiya na wasu makonni. A fara da keke mai sauƙi na rabin awa, sannan tafiya minti biyar, sassarfa minti biyar. Gajiyayyar cinya ba ta riƙe gwiwa kamar sabuwa.

Kada ka sha maganin kashe zafi don ka samu yin atisaye. Ibuprofen da diclofenac suna toshe bakin mai ba ka labari, kuma haɗa su da dogon gumi a zafinmu yana wahalar da ƙoda. Tramadol kuwa, ban da jarabar da kowa ya sani, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024.

Gasar farko bayan jinya ta zama gajeriya. Doka ta yarda a yi tafiya a sashen gudu, saboda haka shiga da shirin sassarfa da tafiya tun daga farko, kada ka jira zafi ya tilasta maka. In gudu bai nuna ba, wasu gasannin suna da rukunin iyo da keke kawai, har kambun duniya ake yi a kansa. Akwai kuma na ƙungiya, ka yi iyo ko keke, wani ya karɓi gudun. A ganina wannan ya fi dacewa da shekarar farko bayan babbar tiyata, ko da mutum yana jin zai iya.

Kuɗin rajista shi ne ke ruɗar mutane. Da an biya, an sayi tikitin jirgi, an gaya wa abokai, sai ranar gasa ta fara yanke hukuncin da gwiwa ya kamata ta yanke. Kada ka biya sai ka yi kashi biyu cikin uku na nisan gudun gasar, sau da dama, ka wayi gari ramin gefen ƙoƙon nan bai ciko ba. In dole ne ka yi rajista da wuri, karanta sharuɗɗansu ka tabbata ana iya ɗage ta zuwa baɗi ko sauya rukuni, sannan ka kai wa likitan fisiyonka ranar gasar da littafin binciken safenka, ku tsara makonnin tare.